Ba a Kife Jirgin Mai Rai

Saura kwana shida a sauke tutar Turawa, mai garin Lolo ya sa aka yi shela: kowace unguwa ta fito gayya, kada 'yancin kai ya zo ya tarar da gari cikin juji. Mutanen Dahome sun riga sun karɓi nasu wata biyu da suka wuce, kuma masu zuwa cin kasuwa daga can sun ce ba su ga abin da ya sauya ba sai launin ƙyalle. Duk da haka aka fito. Ana cewa tsabta cikon addini ce, ba a dai faɗin wanda zai ɗauki kwando.

A unguwar masunta Ɗanmusa ne sarkin gayya. Maza na sassabe suna buɗe hanyoyin ruwa, mata na shara, wasu na kwasar tsohon jujin da ya girmi rabin masu kwasarsa. Da hantsi aiki ya iso ƙofar gidan Kulu, ya tsaya cak.

Wani jirgi ne a wurin, kwalekwalen ɗanta Sambo. Shekara bakwai ke nan da ya jawo shi daga bakin Kwara saboda yana yoyo, ya ce zai gyara in ya dawo, ya bi wasu masuntan Dendi zuwa tsallake. Wata biyu ya ce. Babu saƙo, babu kuma wanda ya zo da ta'aziyya. Kowace damina Kulu kan kwarfe ruwan da ya taru a ciki da ƙoƙo, sai bana da baya ya ƙi mata.

Malam Usuman duba-gari ya sa ludayinsa ya ɗebo ruwan, ya kai mata har gaban ido. 'Ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil.

"Inna, ko a kife shi ko a faskara. Zaɓi ɗaya."

Masu fatanya suka sunkuyar da kai. Malam baƙo ne, bai san cewa a unguwar nan ba a kife jirgi a tudu sai ranar sadakar ukun mai shi ba. Kulu ba ta yi masa bayani ba. Ta tattare zane, ta taka cikin ruwan, ta zauna a kan allon da Sambo ke zama.

"To, ku kihe mu tare."

Ba rashin hankali ba ne. Ta san ɗan maƙwabciyarta Atika sau biyu yana kwanciya da zazzaɓi a daminar nan, ta kuma ji kukansa ta katanga. Ita kanta ba ta yarda juya itace na kashe mutum ba. Mijinta ya nutse jirginsa na zaune daram. Amma in ta bari aka kife, gobe mata za su shigo da sallama a sanyaye, su ce Allah ya ji ƙansa, ita kuma dole ta ce amin.

Ɗanmusa ya durƙusa a gefen jirgin. Tare suka koyi jefa birgi, komar kamun kifi, da Sambo.

"Inna, hito, ƙahwahunki na cikin ruwa."

"Kai ad da hannu, Ɗanmusa. Kihe jirgin abokinka in gani."

"Ni? Allah shi tsare ni."

"To mi kake yi nan? Tai ka yi shararka."

Atika ta matso da goyo, ta ce, "Inna, ko rumfa za a yi mai?" Malam ya ce ruwan Lolo a karkace yake sauka, rumfa ba ta hana shi. Rana na ta hawa.

A lokacin ne masu kwasar juji suka gifta da kwanduna, sun nufi gulbi. Sun cire saman, sun kai ga ƙasar da ke ƙarƙashi, baƙa wuluk, mai laushi kamar gari. Kulu ta bi su da kallo, haushi ya sa ta manta da nata.

"Kai! Taki kuka kai ma kihi? Su albasa suka nomawa?"

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dubi kwandunan, ta dubi cikin jirgin.

"Ku zubo shi nan."

Malam Usuman ya sosa ƙeya. Ya ce doka ta hana ruwa kwance, ba ta ce komai a kan gona ba, amma sai an huda gindin, in ba haka ba taɓo za a yi. Ɗanmusa ya ɓoye gatarinsa a bayansa.

"Ba a huda shi," in ji Kulu. "Da ƙohwatai."

Ta sunkuya da ƙyar, ta laluba cikin ruwan har ta sami tsagar da Sambo ya cusa wa tsumma. Ta ja, ta sake ja. Ruwa ya soma tsiyaya, yana bin sabuwar hanyar da maza suka buɗe. Ta warware tsumman a tafin hannunta. Shuɗi ne mai ratsin fari, gefen zanenta na zuwa suna, wanda ta yi wata guda tana zargin akuya da cinyewa.

"Ɓarawo," ta ce a hankali. Ta matse shi, ta soke a ƙugu.

Ɗanmusa ya kama hannunta ta fito. Kwando na farko sai da ta kau da kai, don ƙarar zubar ƙasa a kan itace ba ta da daɗin ji. Na biyar kuwa tana tsaye tana faɗa, a baje nan, a ƙara can. Atika ta kawo irin albasa a ƙullin ganye, su biyu suka yayyafa.

"In ya dawo fa, Inna?" in ji Ɗanmusa.

"Shi kwashe da hannunai. Wa ya ce shi daɗe?"

Ranar tuta 'yan makaranta suka wuce ta ƙofar da waƙa. Kulu ba ta ɗago ba, tana tsugune tana duba ko iri ya tsaga ƙasa.