Faifan Inna Kulu a Gonar Gero

Kamaruddeen ya kwashe fina-finan shagonsa kaf ya zuba a kwamfuta, kuma babu ko ɗaya da ya shiga har ƙarshe. Bai san haka ba sai ran Juma'ar da Inna Kulu ta dawo daga Bacirawa.

Shagon yana bakin tashar Makoda, rumfar kwano ce da benci da talabijin. Da can hayar fayafai yake bayarwa. Da waya ta cika gari kowa ya koma turi a memori, fayafayan suka zama tarkace, kwali kan kwali, ɓera na kashi a kai. Shi ne ya sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani ɗalibi, ya rungume ta sai Bici wajen Najib mai gyara, don a sa masa manhajar da ke kwafe faifai.

Najib ya nuna masa iri-iri. Yaro ne mai ji da kansa, ba ya iya magana sai ya tsoma Turanci.

"Wannan ta kuɗi ce, ba ta barin komai. Wannan kyauta ce, ita ma tana yi, amma sai ka zauna na koya maka, kuma tana da nawa, ba ta sauri."

"Koyarwar ma kyauta ce?"

"Haba Malam Kamaru."

"To wuce. Waccan mai jan maɓallin fa?"

"Ita ma ba a biya. Amma ta gwaji ce fa."

"Ai gwajin nake so."

"Tirayal fa na ce."

"Na ji. Kai dai da Turancinka. Sa min ita."

Najib ya ɗaga kafaɗa ya sa masa. Kalma biyu kacal zai ƙara mutumin ya gane, amma an riga an taya aikinsa tayin wulaƙanci, sai ya ja bakinsa ya tsuke.

Duk wanda ya san Kamaru ba zai yi mamaki ba. Mutum ne da zai bi layin 'yan gyaɗa ran kasuwa yana ɗanɗano, daga wannan tasa zuwa waccan, har ya ƙoshi, sannan ya ce duk ba su soyu ba. A wajensa gwaji na nufin abin da wawaye ke biya shi ya samu a banza.

Manhajar kuwa ta burge shi. Ya zura faifai, ya danna ja, kafin shayinsa ya huce ta gama. Har kiran 'yan acaɓa yake su zo su ga sauri. Yana cire faifai sai ya buɗe abin da ta kwafe, ya ga hoto ya taso, ya ji kiɗa, ya kashe, ya zura na gaba. Ubansa dillalin hatsi ne, a gabansa ya tashi yana kallon yadda ake soka ƙarfe a cikin buhu, tsakiya da gindi, domin kowa ya san a baki ake zuba mai kyau. Amma da abin ya zo kan kayansa, bakin buhu kawai ya leƙa.

Wasu sun dawo masa da ƙorafi cewa tsohon fim ɗin da ya tura musu yana yankewa. Ya ce memorinsu ne jabu, su daina sayen kayan arha.

Sai gero ya fitar da kai, tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonaki. Kamaru ya dubi kwalayen nan ya ga dabara. Ya sayo zare ya zauna a tsakar gida yana zura fayafai ɗaya bayan ɗaya.

Matarsa Hafsatu ta ce, "Ka bar su a kwalinsu mana. Ci suke ko sha?"

"Suna cikin kwamfuta."

"To in kwamfutar ta lalace?"

"Ke da ba ki taɓa ko danna ta ba. Miƙo min wuƙa."

Ya kai gona ya ja zaren daga wannan kunya zuwa waccan, gona ta ɗauki walƙiya. Tsuntsaye suka koma gonar maƙwabci. Har masu wucewa suna tsayawa, shi kuwa sai ya riƙe ƙugu yana cewa ilimi ba sai an je makaranta ba.

A cikin fayafayan nan akwai wanda ba nasa ba. Na Inna Kulu ne, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa. Ɗanta na fari, Sabiru, ya taɓa fitowa a wani fim da samarin Bici suka haɗa kuɗi suka yi, fim ɗin da ko kasuwar Kano bai kai ba. Yaron mota ya fito, can bayan tsakiya, yana rataye a ƙofar bas yana kiran fasinja yana dariya. Bayan nan da kaɗan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ba ta da abin kallo a gida, don haka ta ba Kamaru faifan ajiya. Duk Juma'a in maza sun watse daga masallaci sai ta zo ta zauna a ƙarshen benci.

Ba ta taɓa faɗin sunan Sabiru ba, ɗan fari ne. Yana raye ma ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane, ko kallon kirki ba ta yi masa. A talabijin ɗin nan ne kaɗai take ƙura masa ido yadda ranta ke so, babu mai cewa ba ta da kara.

Da damina ta tafi Bacirawa zaman jegon 'yarta. Ran Juma'ar nan ta dawo, ta yi sallama, ta ajiye masa ƙullin ƙuli-ƙuli a kan tebur.

"Kamaru, a sa min na yaron nan."

"Inna, yanzu an ci gaba. Ba faifai, ba karce, ba tsalle. Dubi nan."

Ya juyo mata da kwamfutar ya danna. Kiɗa ya tashi, sunaye suka riƙa hawa, aka nuno bakin kasuwa da wani mai rake. Daga nan hoton ya tsaya, ya yi baƙi, wani rubutun Turanci ya fito da jan maɓalli a ƙasa.

"An ɗauke wuta ne?"

"A'a. Sanyi ne ya shige ta."

Ya sake dannawa. Mai rake, baƙi, rubutu. Ya buɗe wani fim ɗin, ya bar shi ya tafi a karo na farko tun da ya fara aikin nan. Ya yanke. Ya buɗe wani. Na Hausa, na Indiya, na faɗa, duk a wuri ɗaya suke mutuwa, kamar an auna da mudu.

"Sa faifan kawai," in ji ta. "Ni na fi sabawa da shi."

"Ina zuwa, Inna. Yana gida."

Ya ɗauki kwamfutar, ya ari babur ya nufi gona. Rana ta gama da fayafayan. Waɗansu sun lanƙwashe, waɗansu sun rabe biyu, azurfar jikinsu na saɓulewa kamar fatar maciji. Sunayen da ya rubuta musu da alƙalamin maka duk ruwa ya wanke. Ya tsinke zaren ya dinga cusawa a buhun taki, ganyen gero na yankar hannunsa. Maƙwabcin da aka kora wa tsuntsu ya ɗago daga aikinsa.

"Malam Kamaru, yau kuma girbin fim ake?"

Kamaru ya ɗaure buhun ya kama hanyar Bici.

Najib yana cin tsire ya same shi. Najib ya karanta rubutun da ke kwamfutar ya kwashe da dariya.

"Ai ga shi ta faɗa maka. Cewa take in kana son sauran ka biya."

"To na biya. Nawa ne? Ta sako sauran."

"Ta sako daga ina? Ba riƙe shi ta yi ba, ba ta ma ɗauka ba. In ka biya sai ka sake sa faifan daga farko."

Kamaru ya zazzage buhun a ƙasa. Najib ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu, ya juya shi, ya ajiye.

"Wannan me ya ci shi?"

"Rana."

"Rana a ina?"

"Kai dai gwada."

Suka gwada waɗanda suka fi dama-dama. Kwamfutar ta yi ƙugi ta tofo, ta yi ƙugi ta tofo.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na ce maka ta gwaji ce."

"Ka ce gwaji, ba ka ce ɗanɗano ba."

"Ban san bambancin zai yi maka wuya ba, ai fanninka ne."

Kamaru ya tambayi inda samarin da suka yi fim ɗin Sabiru suke. Najib ya ce wanda ya riƙe kyamara ya tafi Legas tuntuni, shagon da aka buga fayafayan kuma yanzu shinkafa ake sayarwa a ciki. Wa zai ajiye irin wannan fim?

La'asar ta yi sanyi ya dawo Makoda. Ya yi fatan Inna Kulu ta gaji ta tafi, amma tana nan a ƙarshen benci, ta yi sallarta a gefen rumfa ta dawo. Ta dubi buhun, ta dubi zaren da ke reto daga bakinsa. Ita ma ta wuce ta gefen gonar nan da safe, ta ga walƙiyar.

"Har da shi ka rataye?"

"Inna, laifin yaron can na Bici ne. Waɗannan 'yan bokon ba sa yi wa mutum bayani."

"Har da shi ka rataye, Kamaru?"

Ya sunkuyar da kai yana murza zare.

"Ajiya fa na ba ka," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Uwarka ko allura ka ba ta, sai ka dawo ka tarar da ita."

Ya fara cewa zai shiga Kano ya bincika, zai sa a yi cigiya a waya, ai yanzu babu abin da ke ɓata. Ta bar shi ya gama surutunsa.

"Abin da ya rage ɗin, babu shi a ciki ko kaɗan?"

"Sai dai suna. A farko, inda ake jero sunaye."

"Sa."

Ya danna. Da sunayen suka fara hawa ya tsayar, ya ɗora yatsa a kan wani layi can ƙasa. Ta matso da fuskarta har tana kusa taɓa gilashin. Ba ta iya boko ba. Ta daɗe tana kallon farin zanen nan.

"Daga ina ya fara?"

Ya nuna mata.

"Ya ƙare a ina?"

Ya nuna mata. Ya buɗe baki zai karanta, ta ɗaga masa hannu. Ta miƙe, ta gyara lulluɓinta, ta ɗauke ƙullin ƙuli-ƙulinta daga kan teburin ta fita.

Geron Kamaru ya yi kyau a shekarar, ya cika rumbu har ya kai saura kasuwa. Har yau yana faɗa a tasha cewa shi ya fara kawo dabarar faifai garin.

Inna Kulu kuwa ba ta fasa zuwa ran Juma'a ba. Ba ta gaishe shi. Sai dai ta zauna a ƙarshen benci, ya tsayar mata da hoton a kan layin nan, ta kalli sunan da ba za ta iya karantawa ba, ba kuma za ta faɗa ba. In ta gaji ta tashi ta tafi gida.