Sai Malami Ya Gama

Eleuterio Huamán ya kai jikarsa Nélida makaranta ranar da aka kawo wani mutum-mutumi, na'ura mai magana. Abin bai fi ɗan rago tsayi ba, fari, idanunsa na haske. An girke shi a kan tebur. Yaro ɗaya za a ɗauka daga ƙauyen zuwa makarantar kwana ta birnin Huamanga, kuma mutum-mutumin ne zai faɗi wanda kansa ya fi ɗaukar karatu.

Iyaye suka yi cirko-cirko a bakin taga. Fortunato, maƙwabcin Eleuterio, ya zungure shi, ya ce ya cire hula ya gaida sabon malami mana, ko tsoro yake a leƙa ƙarƙashinta a tarar babu komai? Eleuterio ya ci gaba da leƙen taga.

Aka zuba wa Nélida ƙananan katakai masu launi, aka ce ta ƙarasa jerin da aka fara. Ja, ja, baƙi, rawaya. Tsohon ya saki numfashi. Ai wannan adon bakin bargo ne, tun tana shekara bakwai take saƙa wanda ya fi shi wuya.

Yarinyar ta naɗe hannu. Mutum-mutumin ya ce ta duba launi. Ba ta motsa ba. Ya ce ta duba girma. Ta ci gaba da kallonsa. Sai da ya yi bayani har sau huɗu ya yi shiru, sannan ta jera su tas, babu kuskure ko ɗaya. Haka ta yi a kowace tambaya. Eleuterio ya gyara tsayuwa. Shi ya koya mata cewa ba a taɓa zare sai mai koyarwa ya gama magana. A gaban masaƙa yakan gwada ta, ya ce mata ta ɗauka alhali bai gama ba, in ta miƙa hannu ya ƙwale shi da ƙoshiyar saƙa.

Da rana Malama Yesenia ta ja Eleuterio gefe. Ta ce abin ba amsa kaɗai yake dubawa ba, yana lura da sau nawa ya taimaki yaro. Nélida ta cinye taimakon duka, ita ce ta ƙarshe. Jikan Fortunato, mai cafke-cafke da kuskure, yana gabanta. Malamar ta roƙi ma'aikatan da suka kawo abin, sun yarda a sake gwada ta sau ɗaya kafin motarsu ta tashi ƙarfe uku.

"Kai kaɗai take ji, Baba. Ka ce mata da ta gane ta sa hannu."

"Ta katse shi?"

"Ta katse shi."

Ya sami Nélida a bayan katanga tana cin dafaffen dankali. Direba ya riga ya fara ɗaure kaya. Tsohon ya daɗe a tsaye a kanta. Sannan ya durƙusa, abin da bai taɓa yi a gaban yaro ba, ya gaya mata ta katse mutum-mutumin. Ya ce ƙarfe ne, ba ya jin ciwo. Ya ce yau kawai.

Nélida ta dubi fuskarsa, ta dubi hannunsa na dama. Ta ɗan yi murmushi irin na wadda ta gano tarko.

"Ba gwada ki nake ba, 'yar nan," ya ce. 

Malama Yesenia ta kira sunanta daga ƙofa. Yarinyar ta miƙe, ta kakkaɓe siket, ta naɗe hannuwanta.

"A'a, Kaka. Ba zan katse malami ba."