Muryar Baba a Ɗakin Jira

Babana ya yi shekara talatin da biyu yana koyarwa. Mutum ne da idan ya miƙe zai yi magana a taro, har masu gulma a layin baya sai su yi tsit. Shanyewar ɓarin jiki da ta same shi bara ta mayar masa da hannu da ƙafa, amma ta riƙe harshen. Yana can gidan Yaya, tafiyar yini guda daga inda nake, yana koyon magana daga farko. Duk mako Yaya takan ɗauki muryarsa yana gwaji ta turo mini ta imel. Sharaɗi ɗaya ya kafa, da hannunsa ya rubuta aka turo mini hoton takardar: ni kaɗai zan ji, ko mijina bai yarda ba. Ranar da wani ya ji, ranar zai daina.

Wayata kuwa tun da ta yi wanka a bokitin wanki ta zama bebiya. Sai na koma ga kwamfutar wurin aiki. Ni ce mai karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin ido, kuma kwamfutar teburina ita ce ke tura kiɗa mai sanyi zuwa lasifika biyu da ke ɗakin jira. Manhajar kiɗan ce ke zaɓo waƙa da kanta, ta ɗauko nan ta ɗauko can. Lokacin hutun rana sai in zare wayar lasifika, in sa abin kunne, in danna fayil ɗin Baba sau biyu in saurara. Ina ganin na iya wayo.

Abin da ban sani ba, manhajar nan haɗamammiya ce. Duk sautin da aka buɗe da ita sai ta jefa shi cikin ma'ajiyar waƙoƙinta ba tare da ta tambayi kowa ba. Mako shida ke nan Baba na zaune a tsakiyar mawaƙa, yana jiran layi ya zo kansa.

A asibitin akwai babbar ma'aikaciyar jinya da muke kira Uwar Doka idan ta ba da baya. Ni da ita ba ma ga maciji. Ita ce ta kai ƙarata don ta ga ɓarɓashin biskit a kan teburina, kuma tana duba agogo idan na shigo ko da ban makara ba. Sau da yawa na yi addu'ar a yi mata canjin wurin aiki, ba zan ɓoye ba.

Ranar wata Talata da hantsi ɗakin jira ya cika. Rabin mutanen an ɗiga musu magani a ido, suna zaune idanu a rufe, ba su da aikin yi sai saurare. Ina can wurin ajiye katuna ina neman katin wata tsohuwa, waƙa ta ƙare. Sai na ji numfashi, irin na mai shirin ɗaga kaya mai nauyi. Na san numfashin.

“Ru... ru... ruwa.”

Katunan da ke hannuna suka zube. Na san abin da ke biye: zai gwada sunana sau huɗu ya kasa, sannan ya yi kuka. Uwar Doka na wucewa da tire a hannu. Ko ajiye shi ba ta yi ba, ta miƙa ɗaya hannun ta fizge wayar lasifika, ta juya ta gaya wa jama'a cewa na'urar ce ta samu matsala, yau babu kiɗa. Wani dattijo ya ce dama kiɗan barci yake sa shi. Aka yi dariya, magana ta wuce.

Da hutu ya yi na zauna ina jiran faɗa, don na yi amfani da kayan aiki a harkar gida. Ta zo ta ce in tashi, ta zauna a kujerata. Ta buɗe ma'ajiyar waƙoƙin ta nemo fayil shidan, ta nuna mini cewa idan manhajar ta tambaya, in zaɓi a cire daga ma'ajiya kawai, kada in goge daga kwamfuta. Sannan ta koya mini hanyar da ya kamata in bi tun farko: ba dannawa sau biyu ba, a danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, a zaɓi ƙaramar manhajar da ke kunna sauti ta rufe ba ta ajiye komai. Sai da ta sa na yi sau uku a gabanta, kamar 'yar aji ɗaya.

Ba ta tambayi ko muryar wane ne ba. Da ta miƙe sai ta ce, “Mahaifiyata ma da ruwa ta fara. Kada ki bari ya daina turowa.”

Ranar na rubuta wa Yaya abin da ya faru.

Yaya ta ce kada in kuskura in faɗa wa Baba. Ban ji maganarta ba, don shi ya hore mu kada mu yi masa ƙarya. Na rubuta masa komai: kalma ɗaya ta fita, jama'a ba su gane ba, mace ɗaya ce ta gane, kuma ita ce ta rufa mana asiri. Mako ya wuce babu saƙo. Na biyu ma haka. Kullum sai in buɗe imel in rufe, ina zagin kaina da taurin kaina.

A mako na uku fayil ya iso. Yaya ta rubuta a ƙasa cewa wannan ba nawa ba ne, na matar nan ne, kuma sai da ya gwada sau goma sha ɗaya kafin ya yarda a turo.

Na kira Uwar Doka, na ce, “Sista, saƙonki ne.” Ta zauna, ta danna ɓangaren dama na linzami, ta sa abin kunne ɗaya, ta miƙo mini ɗayan. Numfashin nan ya zo, sannan muryar, a hankali, kalma tana jiran kalma.

“'Yata... Allah... ya rufa miki... asiri.”

Babu harafin da ya faɗi. Shekara guda ke nan ban ji Baba ya kai jimla ƙarshe ba, kuma ta farkon ba ni ya ba wa ba. Ban ji haushi ko kaɗan ba, ta cancanta.

Ta cire tabaranta ta daɗe tana gogewa da gefen riga. Ta sake kunnawa sau ɗaya, ta rufe ƙaramar manhajar, ta leƙa ma'ajiyar waƙoƙi ta tabbatar babu abin da ya shiga. Sannan ta shafa teburina da yatsa, ta ɗago ɓarɓashin biskit ta kalle shi, ta kaɗe a kwandon shara ta koma aikinta.