Ranar da Inna Ta Hau Bene

"Ku riƙe da kyau, ba buhun gawayi kuka ɗauko ba," in ji Inna Mai Keke daga kan kujerar da suka ɗauke ta a kai.

Kafinta ne ta ƙasa, nauyin duk a kafaɗarsa. Jikanta, direba, yana ta sama yana ja da baya. Matakalar tsohon otal ɗin sai ƙara take yi. Tun da mutanen gari suka hana a rushe ginin, kafinta yake gyaranta, yana cire ruɓaɓɓen katako, yana barin na asali inda zai yiwu. Bai gama ba. Amma likita ya ce Inna ba za ta jira fenti ba.

Gidanta na jingine da katangar otal. Labulen ɗakunan nan duk ita ta ɗinka a keken ɗinkinta, tun zamanin da jirgin ƙasa ke sauke baƙi, amma ba ta taɓa hawa benen ba. Awo ake kai mata, a dawo a karɓa. Yanzu ta ce sai ta gani da idonta.

"Idan ta karye, Inna, tare za mu tafi," in ji kafinta.

"Allah ya kiyaye. Kai da ba ka gama aiki a kan lokaci, ai sai ka makarar da ni."

Matakala ba ta karye ba. Suka ajiye ta a bakin tagar ɗakin ƙarshe. Ta zuba ido waje, har kafinta ya fara tunanin wahalar banza suka ba ta. Sai ta fashe da dariya, dariyar ta koma tari.

Ga tsakar gidanta nan a ƙasa, komai a fili: randa, igiyar shanya, ƙofar kicin.

Ta dubi jikanta. "Ashe a tafin hannu muke. Shekara da shekaru ina bin marigayi kakanka da ludayi, baƙi na nan suna shan shayi suna kallo."

"An ce ɗakin nan bai taɓa rasa baƙo ba," in ji kafinta.

"Ɗan nema. Kuma ni da hannuna na ɗinka musu abin laɓewa."

Ta shafa labulen, ya koɗe, amma ɗinkin na nan.

"Kada ku canja shi. Wanki kawai yake so."

Har la'asar tana nan, tana nuna gidajen maƙwabta, tana faɗin wadda ba ta iya shara ba.

Ba ta kai ƙarshen makon ba.

Washegarin jana'iza kafinta ya hau ɗaukar kayan aikinsa, ya leƙa ta taga. Mata sun cika tsakar gidan a kan tabarmi. Wata tsohuwa ta miƙe tana kwatanta wani abu da hannu a sama kamar mai ɗaga ludayi, sauran sun toshe baki da mayafi, kafaɗunsu na rawa. Ya ɗan tsaya, sannan ya ja labulen a hankali.