Marigayi a Kan Bencin Fansho

...marigayi, wai. Ni. Ga ni zaune a kan bencin ofishin fansho, gwiwata tana min zugi, katin layi a hannuna, lamba arba'in da bakwai — marigayi yana jin zugin gwiwa ne, Sakatare? Kai da ka san komai a rubuce, faɗa min.

Yarinyar da ke bayan tagar nan ko murya ba ta ɗaga ba. Ta dubi kwamfuta, ta dube ni, ta sake duban kwamfuta. "Baba, mai wannan lambar fanshon ai ya rasu wata huɗu ke nan." Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, har da waiwaye in ga wanda ya shirya min... Sai ta juyo min da takardar. Rubutunka ne. Wannan rubutun naka mai tsayuwa ƙyam kamar sojoji a fareti. Sa hannun sakataren ƙungiyar 'yan fansho, kwanan wata, hatimi. Ko ɗigo ba ka manta ba.

Wasa ne fa. Wasa nake.

Shekara talatin da ɗaya ina masinja kana akawu, me ban yi muku ba a ofishin nan namu? Ni na sa wa manaja kwaɗo a aljihun tebur. Ni na tura agogon bango gaba da awa guda, kowa ya tattara ya tafi gida, har shi manajan. A aji biyar na bar makaranta — ba korata aka yi ba, gani na yi sun gama koya min abin da suka sani — amma masu digiri nawa na shanya a rana suna jiran babban baƙon da babu shi? Murya kuwa, bakwai gare ni a maƙogwaron nan. Ta ƙanena ta fi sauƙi, toshe hanci ne kaɗan ka ja numfashi. "Sakatare, sai haƙuri, Yaya ya cika da safen nan." Haka na faɗa maka a waya. Ina jin numfashinka. Sai da na ciji hannun riga don kar dariya ta kuɓuce min.

So nake in ga ko za ka yi kuka, shi ke nan. Mutum ya shekara talatin bai ga haƙoranka ba, laifi ne don ya so ganin hawayenka?

Da la'asar ka iso ƙofar gidana gaisuwa, idonka jawur, na fito daga bayan ƙyaure na ce maka bismilla, shigo. Ba ka faɗi ba. Ba ka zage ni ba. Ka dube ni daga hula har takalmi ka ce, "Masinja, ka kyauta," ka juya. Sau nawa na ba da labarin nan a teburin mai shayi? Har da kwaikwayon tafiyarka... Ashe kafin ka zo wurina ta nan ka biyo. Tun da hantsi. Wa ke yin haka? Abokinka ya mutu, ka fara da cike takarda? Kai mana. Haka kake wa kowa, na sani, ranar da aka rasu ranar kake kawo rahoto, don kar iyalin mamaci su yi ta sintiri a kan haƙƙinsu. Iyalina kake tausayi. Ni kuma ina bayan ƙyaure...

Arba'in da takwas ya tashi. Wani tsoho da sanda. Ya ɗora yatsa a na'ura, ta yi ƙit, shi ke nan, yana raye. Ni sau uku na ɗora nawa. Ta gane ni ma, ta fito da hotona, da jan layi a kan fuskata.

Kujeruna... kujeru hamsin na roba da rumfa ɗaya. Da na ga wata huɗu ba a biya ba, cewa nake jinkirin da aka saba ne, asusu suke min, bari su taru. In na karɓa a dunƙule sai in sayi kujeru in riƙa ba da haya. Ana haihuwa ana mutuwa kullum, wa zai bar baƙi a tsaye? Kujera ba ta cin abinci, ba ta zazzaɓi, tsoho yana kishingiɗe kuɗi na shigo masa. Fansho na ci ne, kujeru na magani da na ranar da ƙafa za ta ƙi tafiya. Na share ɗakin waje, na sa masa kwaɗo sabo, na gaya wa uwar yarana ta kwashe tarkacenta. Na ce wa 'yan teburin shayi nan da shekara sai sun nemi izini kafin su gan ni.

"Akwai ta biyu, Baba," in ji yarinyar tagar. Takarda ta biyu. Rubutunka dai, kwanan watan washegari. Na yi kuskure, mutumin yana raye. Kuskure — kai ka ɗauki laifin. Ba ka rubuta cewa wani tsohon banza ne ya toshe hanci ya yaudare ka ba. A ƙasa layi biyu, naka da sa hannu, nawa fari fat. Ƙa'idarsu ce wai, wanda ya kawo rahoto da wanda aka ce ya mutu su zo tare, ƙafa da ƙafa, su sa hannu a gaban jami'i.

Sau uku ka kira ni. Uku. "Masinja, ka zo ofishin fansho ranar Talata da katinka." Na ce a raina, oho, ramuwa. Ni za a ɗana wa tarko? Na ce maka ga ni nan, na miƙe ƙafa na yi barcina. Na biyu na ce ina kan hanya. Na uku ka faɗa min ƙarara, "Ka mutu fa a takarda, ba wasa nake ba." Me na ce? Na ce kai, wannan ta yi kyau, ashe ka fara koyo da tsufanka.

A bencin nan ka jira ni? Wannan da nake kai? Da ciwon bayan nan naka... har aka tashi?

Sai ɗanka ya kira, wata biyu ke nan. "Baba ya rasu." Na ce, gaya wa babanka ya sake shiri, ni na ƙirƙiro wannan. Na kashe wayar. Har tafawa muka yi da mai shayi. Washegari na ga mutane suna dawowa daga unguwarku shiru-shiru... na tarar an riga an kai ka. Kujerun haya a ƙofar gidanka, farare. Na zauna a kan ɗaya. A nan tunanin sana'ar ya zo min, Allah ya yafe min, ana yi maka addu'a ina ƙirga su.

Yanzu wai sai kwamiti. Yaushe yake zama? "Ba su sa rana ba tukuna, Baba." Sai rantsuwa a kotu, sai shaidu biyu cikin waɗanda muka yi aiki tare. Biyu kawai. Su wa? Manajan kwaɗo? Mai buga takardun da na ce wa an ƙara masa girma, ya ɗinka sababbin kaya? Direban da na tura filin jirgi ya kwana biyu yana zaginna? Ko in sami wanda ya huce — in tsaya a ƙofarsa in ce an rubuta na mutu, zo ka shaide ni. Ina jin dariyar tun daga nan. Har yanzu ba ka daina ba, Masinja?

Tsaya... wata huɗu. To me muke ci? Tukunya ba ta fasa hawa wuta ba ko rana ɗaya. Maganin hawan jinina yana nan a kan taga, bai taɓa yankewa ba. Firjin nan na uwar yarana mai gurnani, ƙanƙara a leda, abin da nake ce wa sana'ar sayar da ruwa... shi na ce ta kwashe daga ɗakin waje. Ta kwashe. Ta mayar da shi ɗakin girki. Ban taɓa tambaya ba. Ni da nake cewa babu abin da ke wuce ni a gidan nan.

Hamsin da ɗaya. Hamsin da biyu. Suna ta rayuwa ɗaya bayan ɗaya.

Waya na motsi a aljihuna. Ita ce. Za ta ce, Malam, an biya? In ce mata me — na mutu? Za ta yi 'yar dariyar nan ta gajiya, ta ce to Allah ya jiƙanka, ka taho min da leda a hanya.

Murya bakwai, Sakatare. Ina ta lalube... wacce zan ɗauki wayar da ita ta yarda?

Tana ta ƙara.