Sai Usta Rizik Ya Ce A Shigo

Bayan sallar isha'i ne, ina tsoma busasshen burodi a shayi, na ji ƙararrawar taragon cikin gari. Duk wanda ya tashi a Iskandariyya ya san wannan ƙarar. Sai dai mu a hawa na huɗu muke, layin tarago kuma yana can bayan kasuwar kifi. Ni dama na daɗe ina zargin ƙarafa ma suna gajiya da bin hanya ɗaya, saboda haka ban yi wani mamaki ba. Na ce a raina yau tarago ya hauro bene ya ga yadda muke kwana. Na laluba silifas na fita.

A ƙofar maƙwabcina Usta Rizik na tarar da Hajji Mitwalli, mai gidan da muke haya, makulli a hannu, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Saman ƙofar ga wata tsohuwar ƙararrawar tagulla tana lilo, an ɗaure ta da igiyar shanya. Usta Rizik na zaune a kujerarsa, daga shi sai singileti da bargo a gwiwa, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tashar ƙarshe, ya Hajji!" in ji shi. "Sauka, ba ka da tikiti!"

Tuƙin tarago ya yi duk ƙuruciyarsa. Da ya bar aiki ne abokansa suka ba shi ƙararrawar.

Sitti Adiyat ta hawan ƙasa ta hauro tana haki, da ludayi a hannu. "Lafiya? Gobara ce?"

"Famfo na zo dubawa," Hajji Mitwalli ya ce. "An ce yana yoyo."

"Famfo da daddare? Hala famfon naka sai ya yi barci ake duba shi?"

Kowa a gidan ya san abin da yake dubawa. Usta Rizik tsohon ɗan haya ne tun zamanin mahaifin Hajji, kuma ba a iya tayar da shi muddin yana zaune a ciki. Amma da ciwon ƙirji ya kama shi, sai aka fara cewa zai koma wajen 'yarsa Ni'imat a Tanta. In ya koma, ɗakuna sun dawo hannun Hajji. Shi ya sa Hajji yake leƙowa ya ga ko an fara ɗaure kaya.

"Gidana ne fa, ya sitti," Hajji ya ce. "Ubana ya gina shi."

"Ubanka ya gina, Allah ya ji ƙansa. Amma ka ba mutum haya, ka karɓi haƙƙinka. Je ka tambayi kowane alƙali in ka ji ya ce ka faɗa wa mutum ɗaki ba sanarwa. Da ni ce ka tarar ba mayafi fa?"

"Da na gudu da kaina."

"Da ka gudu da ludayin nan a ƙeya."

Usta Rizik ya daina dariya. Ya nuna wani kabad na katako a kusurwa. "Ran Talata da na je asibiti, kai ka buɗe wancan?"

Hajji ya sunkuyar da kai.

"Kayan matata marigayiya Fardus ne a ciki. Ranar Juma'a kaɗai nake buɗe shi, kaɗan, in sa hanci in rufe, don kada ƙamshinta ya ƙare da wuri. Na dawo na tarar da shi a wangale, taga ma a buɗe, iskar teku ta wuni tana shiga." Ya shafa bargonsa. "Yanzu warin gishiri yake yi, ya Hajji."

Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba. Hajji Mitwalli ya dubi makullin hannunsa kamar wani ne ya saka masa shi.

"Wallahi ban sani ba, ya Usta."

"Ina za ka sani? Ai ba ka tambaya ba. Ni dai abu ɗaya nake so. A nan zan mutu, ba a Tanta ba, kuma kafin nan ba mai tsallake ƙofar nan sai na ce ya shigo. Mu karanta Fatiha a kai. Amm Garib, kai ne shaida."

Ni ne Amm Garib. Muka ɗaga hannu mu huɗu muka karanta, Sitti Adiyat da ludayinta a hammata.

Na zaci shi ke nan ba za mu ƙara ganin Hajji a hawanmu ba. Washegari da hantsi sai ga shi da kwanon wake da man zaitun, da burodi mai zafi. Ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama.

"Waye?" in ji Usta daga ciki.

"Ni ne."

"Ni wa? Gari cike yake da ni."

"Mitwalli ne, ya Usta."

"Wane Mitwalli? Mai kifi ko mai famfo?"

Ya bar shi tsaye har waken ya fara hucewa, sannan ya ce, "To, shigo."

Haka abin ya zama kullum. Ni kan zauna a bakin ƙofata musamman don in ji, don kowace rana da sabuwar tambayar da Usta zai ƙirƙiro. Wata rana ya ce sai Hajji ya jero masa tashoshin tarago daga farko har ƙarshe. Hajji ya tsallake guda, aka ce ya sake daga farko. Bayan nan mu shiga mu yi domino. Usta yana maguɗi a fili, Hajji yana gani yana kau da kai. Ni kuma yawanci hankalina na kan wani tabon damshi a silin mai kama da raƙumi sanye da hula, har sai an zungure ni an ce layina ne.

Da sanyi ya shigo, Ni'imat ta zo daga Tanta da mota don ta tafi da shi. Ta yi kuka, ta yi faɗa, har ta fara naɗe masa riguna. Hajji Mitwalli ne ya ja ta gefe.

"Bar shi, 'yata. Muna nan. Safe da yamma ina zuwa."

"Kai da kake jiran ɗakin?"

"Ina jira mana," ya ce. "Amma ba sauri nake ba."

Usta ya ji, ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ni'imat ta mayar da rigunan, ta kwana biyu, ta koma ga 'ya'yanta.

Kwanakin ƙarshe bai iya cin waken ba. Shayi da na'a-na'a kaɗai yake kurɓa, muryarsa ta koma siririya, amma bai fasa tambayar waye ba. Ya sa muka ja masa kujera bakin taga, inda ake hango ɗan yankin teku tsakanin gine-gine biyu. Ya ce mini da asuba jiragen masunta suna wucewa ta wannan tsagar ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zura su a allura. Na ce zan zo in gani, ban samu zuwa ba.

Wata safiya ina kicin na ji sallamar Hajji. Na kasa kunne in ji tambayar ranar. Shiru. Ya sake sallama, ya ƙwanƙwasa. Tagar kicin ɗina tana kallon tagar Usta ta gefe, sai na leƙa. Yana zaune a kujerarsa, kansa jingine da katakon taga, fuskarsa wajen teku, kamar wanda aka gaya wa labari mai daɗi yana cikin gyangyaɗi. Ga kofin shayi a gefensa. A kan hannunsa kuwa wata tattabara ce zaune tana gyara fiffike. Na tsaya ina kallonta. Ba ta tashi ba, hannun bai motsa ba.

Na fita. Hajji ya yi sallama ta uku, yana riƙe da kwanon wake duk da ya san ba za a ci ba. Ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye kwanon a ƙasa a hankali, muka yi salati tare.

Sitti Adiyat ta hauro, ta gan mu, ta dafa bango. Da ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Buɗe mana, ya Hajji. Ai kana da makulli."

Ya ciro shi daga aljihu, ya riƙe a tafin hannu.

"Na karanta Fatiha, ya sitti," ya ce.

Muka tsaya mu uku a gaban ƙofar. Tururin waken yana tashi a hankali kusa da ƙafafunmu. Daga ciki ana jin tattabarar tana ƙugi.

Sitti Adiyat ta dube ni, ta dubi Hajji, sannan ta rage murya kamar mai gudun kada ta tashe shi.

"To yanzu wa zai ce mana mu shigo?"