Gurasar Gidan Makoki

A ƙauyen da Kuriyan yake, can ƙasar Kerala, gidan da aka yi rasuwa a shekarar ba ya dafa gurasar Idin Ƙetarewa, wadda Kiristocin wurin ke yankawa a gidajensu sau ɗaya a shekara. Maƙwabci ne ke dafawa ya kawo. Kuriyan ya binne matarsa Sosamma da damina, saboda haka bana sai dai a kawo masa. To wa zai kawo? Maƙwabciyarsa ɗaya ce tal, Aleyamma, kuma ita ce wadda ya yi wa abin da ba a yi wa maƙiyi.

Shekarun baya buhun masoronsa ya ɓata. Bai tsaya bincike ba, ya miƙe a gaban jama'ar coci ya ce Ittup ɗan Aleyamma ne ya sata. Kunya ta kori saurayin zuwa birni, ko bikin Kirsimeti ba ya zuwa. Bayan wata guda Kuriyan ya tsinci buhun a bayan rumbunsa, inda shi da kansa ya jingine shi ya manta. Ka ce ya fito ya faɗa? Ina! Girman kai rawanin tsiya. Ya ja bakinsa ya yi gum, abin yana cinsa a ciki.

Ranar Alhamis ta idin da yamma, ƙamshin madarar kwakwa da mazarƙwaila ya tsallako daga gidan Aleyamma. Jikokinsa suka dame shi da tambayar yaushe za a yanka gurasa. Ya daka musu tsawa, ya koma ya zauna. Tsoro ne ya kama shi, don a ganinsa Allah ne da kansa ya hana gidansa wannan gurasa.

Sai ga Aleyamma ta shigo da ɗingishinta, faranti a lulluɓe da ganyen ayaba, tana mitar cewa tsakar gidan ko shara babu. Baiwar Allah kenan, bakinta da kaifi, hannunta a sake. Ta dire farantin a gabansa, ta miƙa masa wuƙa.

Kuriyan ya kasa karɓa. Ya ce, "Aleyamma, ɗanki bai saci komai ba. Na ga buhun tuntuni."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Sosamma ta gaya mini kafin ta cika."

"Kin sani, kuma kika kawo?"

Ba ta ɓoye masa ba, ta ce da safe sai da ta rantse ba za ta kawo ba, har ta tsine masa a gaban murhu. Tana cikin kwaɓa garin shinkafa ta tuna irin nata zunuban da aka yafe mata ba tare da ta biya da komai ba, sai kunya ta kama ta.

"Ubangijinmu da ya fara gutsura gurasar nan ya san wanda zai bashe shi, kuma ya miƙa masa," in ji ta. "Ni wace ce? Yanka, yaran nan yunwa suke ji."

Hawaye suka zubo wa tsohon. Ya gode wa Allah, ya karɓi wuƙar.

Aleyamma ta gyara mayafinta, ta nufi ƙofa. "Ni na yafe, Yaya. Amma ran Lahadi, a inda ka tsaya ka ɓata masa suna, nan za ka tsaya ka wanke shi. Ina so ɗana ya dawo gida."